Jirgin da Aka Shafa wa Mai Kafin a Nutsar da Shi

Jama'a masu sauraronmu na Dutse da kewayenta, da na Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da duk wanda muryar nan ta iske a gona ko a kasuwa ko a zaure, maƙasudin zamanmu na yau shi ne mu yi nazari a kan wani al'amari wanda, in an ji shi da farko, sai a ce ina ruwan mutumin Jigawa da shi, wato yadda waɗansu al'ummai suke adana ragowar jiragen ruwan yaƙi na Jamus, suna gyaransu, suna kashe musu dukiya, alhali kuwa yaƙe-yaƙen da aka ƙera su dominsu sun daɗe da ƙarewa, waɗanda suka tuƙa su kuma galibi ƙasa ta rufe musu ido. Gaskiya ne mu mutanen tudu ne, jirgin ruwan da yawancinmu suka sani bai wuce kwalekwalen fito na kogin Haɗejiya ba. Amma ku ba ni aron kunnuwanku, domin kafin mu rabu za ku ga labarin ya ratso ta ƙofar gidajenmu.

Bari mu fara da wanda yake cikin nahiyarmu. A shekarar 1913, sa'ad da Turawa suka riga suka gama rabon ƙasashen Afirka a tsakaninsu, mafi yawan ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, tare da Ruwanda da Burundi, suna ƙarƙashin mulkin Jamus. A iyakarsu ta yamma kuwa akwai tafkin Tanganyika, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 670, zurfinsa kuma a wani wuri ya haura mita 1,400, har ya zama duk duniya tafki ɗaya ne kaɗai, a ƙasar Rasha, ya fi shi zurfi. Da Jamusawa suka lura cewa wanda ya ɗora babban jirgi a kan wannan ruwa shi ne zai riƙe ragamar fatauci tsakanin gaɓar gabas da ƙasar Kwango, sai suka ba maƙerar Meyer da ke garin Papenburg aikin ƙera shi. To, babu hanyar da jirgi zai bi ya shigo tafkin daga teku. Saboda haka bayan an ƙera shi, an tabbata kowane ƙarfe ya zauna a mazauninsa, sai aka kwance shi gaɓa-gaɓa, aka zuba a akwatuna wajen 5,000, aka ɗauko su ta teku daga Hamburg zuwa Darussalam, daga nan jirgin ƙasa ya ja su fiye da kilomita 1,200 zuwa Kigoma a bakin tafkin, inda maƙera uku da aka turo daga Jamus, tare da ɗaruruwan ma'aikata 'yan ƙasa, suka sake harhaɗa shi. Ran 5 ga Fabrairu, 1915 aka tura shi ruwa, yana ɗauke da sunan wani tsohon gwamnan Jamus na ƙasar, Graf von Götzen.

Ana tsakiyar wannan aiki Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, a watan Agusta na 1914, jirgin da aka yi nufin ya ɗauki fatake da kaya sai ga shi an ɗora masa igwa ya zama manuwa, yana jigilar soja da kayan faɗa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ba a daɗe ba reshe ya juye da mujiya. Sojan Beljiyam suka taso daga Kwango, Ingilishi suka matso ta nasu ɓangaren, har ya tabbata ga kwamandan Jamusawa, Gustav Zimmer, cewa Kigoma ba za ta riƙu ba, ya ba da umarni a nutsar da jirgin don kada ya faɗa hannun abokan gaba. A nan ne abin da ya sa na kawo muku labarin ya auku. Masu tarihi sun rawaito cewa maƙeran nan uku, waɗanda suka san kowace ƙusa ta jirgin tun daga Papenburg, maimakon su farfasa shi yadda aka saba yi wa kayan da za a bar wa maƙiyi, sai suka bi injinansa suka lafta musu man giris mai kauri, suka ja shi zuwa wani lungu kusa da Kigoma, suka bar ruwa ya shige shi sannu a hankali har ya zauna a ƙasa, ran 26 ga Yuli, 1916.

Beljiyam sun yi ƙoƙarin ɗago shi, hadari ya sake mayar da shi ƙasa. Sai a 1924 Ingilishi, waɗanda aka ba riƙon ƙasar bayan yaƙi, suka fito da shi, suka tarar injinan da aka shafa wa mai ba su yi lalacewar da za ta hana gyara ba. A 1927 ya koma bakin aiki da sabon suna, Liemba. Daga nan ya riƙa kai-da-komowa tsakanin Kigoma da Mpulungu ta ƙasar Zambiya, yana ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan busasshen kifi da matafiya, a ƙauyukan da ba su da tasha kuma ya tsaya nesa da gaɓa kwalekwale su zo su kewaye shi. A shekarun 1970 aka cire masa injinan tururi aka sa na dizal, a shekarun 1990 aka yi masa babban gyara da taimakon ƙasar Denmak. A 1997 ya mayar da dubban 'yan gudun hijirar Kwango gida, a 2015 kuma ya kwaso na Burundi zuwa Kigoma. Jirgin da aka ƙera domin a ji daɗin mulkin mutane, mutanen ne suka gaje shi, suka mora fiye da waɗanda suka biya kuɗinsa. Daga baya an tsayar da shi, gwamnatin Tanzaniya ta ba da aikin yi masa gyara mai zurfi, bayan ya haura shekara 100 a duniya.

Igwar nan da aka ɗora masa tana da nata labarin, ta nan ne kuma kakanninmu suka shigo. An ciro ta ne daga wani manuwa mai suna Königsberg, wanda ya nutsar da wani jirgin yaƙin Ingilishi a tashar Zanzibar a watan Satumba na 1914, sa'an nan ya kutsa cikin surƙuƙin bakin kogin Rufiji ya ɓuya, Ingilishi suka yi wata da watanni suna fakonsa kafin su ragargaza shi ran 11 ga Yuli, 1915. Jamusawa suka kwance manyan igwoyinsa guda 10, suka yi musu ƙafafu, suka riƙa jan su cikin daji suna yaƙi da su a tudu. A ƙarshen 1916 aka kwashi bataliya huɗu ta sojan Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, Hausa kuma ita ce harshen bariki, aka zagaya da su ta teku zuwa Darussalam, aka tura su wannan kogi na Rufiji, inda yunwa da zazzaɓi na daminar 1917 suka yi musu mummunar ɓarna. A watan Oktoba na shekarar kuma suka gwabza a Mahiwa, faɗan da ake lissafawa cikin mafi muni da aka yi a Afirka a wannan yaƙi. Shi kuwa Königsberg, da yake ba wanda ya shafa masa mai, gangar jikinsa ta zauna cikin laka da ruwan gishiri tana ruɓewa, masu sayen ƙarfe suka yanki abin da suka yanka, saura taɓo ya haɗiye. Abin da ido zai gani nasa a yau sai igwoyin da aka kafa a Mombasa ta Kenya, da Pretoria ta Afirka ta Kudu, da Jinja ta Yuganda.

Cikin mazajen wancan zamani akwai Chari Maigumeri, mutumin ƙasar Barno, wanda ya fara aikin soja a hannun Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, ya shiga sojan Nijeriya a 1917 ya yaƙi iyayengijinsa na dā, sa'an nan a yaƙi na biyu ya je Habasha da Bama, har yau barikin soja na Lakwaja da sunansa ake kiransa. Mun san shi ne domin an rubuta. Dubban 'yan'uwansa, da 'yan alaron da suka ɗauki kaya a ka cikin dazuzzukan da ba su san sunansu ba, sun tafi da labarinsu.

Na san akwai mai sauraro, wataƙila malami ne a zaurensa, da zai ce: wace fa'ida ke cikin tattalin kayan azzalumai? Ashe ba a zamanin wannan Götzen ɗin ba ne, daga 1905, aka murƙushe tawayen Maji Maji, aka ƙone gonaki da rumbuna, dubun-dubatar bayin Allah suka hallaka da yunwa? Ashe jiragen Yaƙin Duniya na Biyu ba na Hitila ba ne? Allah ya gafarta malam, tambayarka tana bisa hanya, kuma ba ta raini ba ce, domin Jamusawan kansu sun daɗe suna jayayya a kanta. Amsata ita ce, malamanmu na tafsiri in sun zo ƙissar Fir'auna a Suratu Yunus sukan tsaya su bayyana hikimar da ta sa aka fitar da gawarsa daga teku aka bar ta ta zama aya ga na baya, ba wanda kuwa ya taɓa fahimtar cewa girmama shi aka yi. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya shiga cikin jirgin yaƙi da ƙafarsa, ya ga ƙuncinsa, ya karanta adadin waɗanda ya kashe da waɗanda suka mutu a cikinsa, da wuya wani mai zaƙin baki ya zo daga baya ya ce masa abin bai auku ba. Sai dai akwai sharaɗi, wanda in babu shi hujjata ta faɗi: lalle a tsayar da bayani na gaskiya a jikin abin da aka adana, wa ya ƙera, wa ya yi dakon, wa aka kashe. Shi ya sa dokar Jamus ta haramta nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a, ta yi togaciya ga koyarwa da bincike da makamantansu.

Mu juya ga jirage masu nutso na Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda farautarsu ta kawo har gaɓar Afirka ta Yamma, tekun da aka bi da sojanmu a 1943 da 1944 aka nufi Indiya da Bama. Jamus ta ƙera fiye da 1,100, kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen da suka shiga cikinsu ba su komo gida ba, bayan yaƙi kuma Ingilishi suka ja guda 116 daga waɗanda suka miƙa wuya suka nutsar da su a tekun arewacin Ayalan. Manya huɗu kaɗai suka rage da aka adana. U-995 yana bakin teku a Laboe kusa da Kiel tun 1972, bayan Norwe ta yi aiki da shi ta mayar wa Jamus, gwamnati ta ƙi ɗaukar nauyinsa, ƙungiyar tsofaffin sojan ruwa ta ɗauka. U-2540 yana Bremerhaven, shi ma daga ƙarƙashin ruwa aka ɗago shi a 1957. U-534 an ɗago shi a 1993, yana Birkenhead ta Ingila, an yanka shi gida-gida domin a ga cikinsa.

Na huɗun shi ne ya fi ba da darasi. Sojan ruwan Amurka sun kama U-505 da ransa ran 4 ga Yuni, 1944, a tekun da ke yamma da gaɓar Sahara, a 1954 aka kai shi gidan tarihin kimiyya da masana'antu na birnin Shikago. Ya isa an riga an kwashe kayan cikinsa, masu gidan suka rubuta wa kamfanonin Jamus da suka ƙera su tun asali, da yawansu suka aiko da madadi kyauta. Da aka gama murna da jawabai sai aka girke shi a fili, ya yi shekara 50 rana na dukansa, ruwa da ƙanƙara na sauka a kansa, jama'a na ta shiga suna fita suna yabawa, tsatsa kuwa tana aikinta ba ta fashi, har ya zama ala tilas a 2004 aka haƙa masa ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, mai na'urar daidaita iska, aka kashe miliyoyin daloli kafin a sake buɗe shi a 2005. Ƙasa mai arzikin Amurka ke nan.

Dalilin haka a fili yake ga duk maƙerin da ke saurarona. Tsatsa ba ta samuwa sai ƙarfe ya haɗu da laima da iska, gishiri kuma shi ke ƙara mata sauri. Ƙarfen da ya daɗe a teku gishiri ya shige cikin ƙofofinsa, in an fito da shi aka shanya sai gishirin ya riƙa jawo laima daga iska, ƙarfen ya riƙa ɓarewa yana zuba, har ya fi lalacewa a sarari bisa ga yadda yake a ƙarƙashin ruwa. Don haka masu wannan fanni sukan jiƙa shi wata da watanni, wani lokaci shekaru, cikin ruwan da aka sa wa sinadari dangin kanwa, suna canja ruwan har gishirin ya fita, sa'an nan su busar, su shafe, su ajiye inda laimar iska ba ta wuce kashi 20 cikin 100 ba. Liemba ya tsira ne domin ruwan Tanganyika ba na gishiri ba ne, ga kuma giris. A nan Allah ya yi mana wata ni'ima da ba mu cika lura da ita ba, domin busasshiyar iskar da waɗancan suke saye da na'ura da lantarki, mu hunturu ke kawo mana ita kyauta. Abokan gabarmu su ne watannin damina, da rufi mai yoyo, da damshin daɓe, da gara.

Masu gyaran jirage sun kasu mazhaba biyu. Waɗansu suna ganin a mayar da jirgi sabo fil kamar ranar da ya fito daga maƙera, ko da za a canja rabin ƙarfensa. Waɗansu suna ganin a tsayar da lalacewa kawai, a bar tabon harsashi da lotsawa yadda suke, domin su ne shaidar. Ni abin da na rinjayar shi ne a duba aikin da abin yake yi. Jirgin da yake ɗaukar rayuka, irin Liemba, wajibi ne a canja duk abin da ya gaji, don ran mutum ya fi tarihi. Wanda aka girke domin ibra kuwa, kowane sabon fenti da aka ƙara masa ba da larura ba ragi ne daga shaidarsa. A duka biyun akwai amana guda, ita ce a rubuta abin da aka canja da ranar da aka canja, kamar yadda amintaccen marubuci, in yana kwafar tsohon littafi ya iske inda gara ta ci, yakan nuna a gefe cewa nan cikon nasa ne, ba ya cusa shi cikin maganar mawallafi.

Akwai abin da ya fi tsatsa gaggawa, shi ne kasuwar tsohon ƙarfe. Ran 21 ga Yuni, 1919 Jamusawa suka nutsar da jiragensu 52 da hannunsu a Scapa Flow, arewacin Sikotilan. Galibinsu an ɗago an narkar, bakwai suka rage, sai daga baya doka ta ba su kariya. A 2016 aka gano cewa waɗansu jiragen yaƙin Holan da Ingila da suka nutse a tekun Java a 1942, waɗanda kaburbura ne na ɗaruruwan mutane, ɓarayin ƙarfe sun kwashe su, sai gurbinsu a ƙasan teku.

To, jama'a, wannan kasuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kullum 'yan gwangwan suna ratsa unguwanninmu da kura da sikeli, sana'arsu kuwa halal ce muddin abin da aka miƙa musu na mai miƙawar ne kuma ya san abin da yake sayarwa. Layin dogon da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori da Birniwa ya isa Nguru a 1930, wanda gyaɗar ƙasar nan ta bi ta kansa zuwa Ikko, tashoshinsa da ƙarafansa tarihinmu ne. Haka zanen duwatsun Birnin Kudu, irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda suke cikin kayan tarihin da Nijeriya ta yi wa rajista, haka tsohuwar fadar Garu da ke Dutse. Nijeriya ta san wannan aiki gwargwado, ga jirgin Bonny na yaƙin basasa nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia. Aradu kuwa, babban manuwanmu da aka ƙera a Hamburg ya fara aiki a 1982, ya shafe shekaru a ɗaure yana jiran gyara. Waɗannan na hukuma ne, ita za a tambaya. Amma takobin kaka, da mashi, da sulke, da lambobin yabo da takardar sallama na wanda ya je Bama, waɗanda suke cikin adaka ko saman rumbu a gidaje da yawa na ƙasar Dutse, waɗannan ba su da wani mai kula sai ku.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi. Ku fito da su kafin ruwa ya sauka. Ƙarfe a goge shi da busasshen ƙyalle, a shafa masa man keke kaɗan, a rataye shi nesa da daɓe. Kada a dirje shi da yashi ko a zuba masa ruwan batir don ya yi ƙyalli, domin rubutu da lambar da ke jikinsa su ne rabin darajarsa. Takarda kada a liƙe ta da gam, kada a ƙunshe ta cikin leda inda za ta yi gumi. A shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu cikin akwatin ƙarfe, a ɗauki hotonta da waya. Mafi muhimmanci, a zauna da tsohon da ya fi kowa shekaru a gidan, namiji ko mace, a rubuta sunan mai kayan, da garinsu, da inda ya je, da shekarar da ya komo, a ajiye rubutun tare da kayan, ko da ajami ne. Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ja zamaninku, kalma ɗaya daga bakinku ta isa ta hana a ɗora irin waɗannan a kan sikeli. Malaman makaranta da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, ga aikin bincike nan a ƙofar gida. Wanda kuma ya ga ba zai iya riƙe abin da ke hannunsa ba, ya nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi, irin na Gidan Makama a Kano, ko ƙungiyar 'yan mazan jiya ta yankinsa, kafin ya rabu da shi.

A nan za mu dakata. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kai mu mako mai zuwa da rai da lafiya.